Jiragen da kuka buga ba koraye ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ɗan fili in yi gyara a kan hoton da kuka buga mako biyu da suka wuce, a ƙarƙashin maƙalar tarihin filin jirgin sama na Kano. Ita maƙalar ba ni da ja da ita. Marubucin ya kawo saukar jirage uku na farko a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, ya ambaci jagoransu Arthur Coningham, ya biyo tarihin a nutse har zuwa zamanin jigilar alhazai. Allah ya saka masa da alheri. Hoton ne ya sa shayina ya huce a gabana ban sha ba.

Ga waɗanda ba su ga fitowar ba: jiragen yaƙi ne samfurin Hurricane guda uku a jere, ga leburori suna mirgina duro a gefe. Asalin hoton baƙi da fari ne, amma an bai wa na'ura ta zuba masa kala. Ita kuma ta yi wa bayan jiragen kore shar kamar alayyafo bayan an ɗauke ruwa, ta yi wa cikinsu shuɗi irin na bokitin roba, zoben waje na tambarin da ke gangar jiki kuma ta mai da shi ruwan hanta. Cikin launukan nan uku babu wanda ya faɗa daidai. Na ƙarshen ma ko gardama ba ya ɗauka, domin zoben nan ruwan ɗorawa ne a jikin kowane jirgin Ingila da ya ɗauke shi.

Kada ku ce wane ne wannan mai shisshigi. Ni mai fentin mota ne. Na shiga sana'ar ina yaron shago a Fagge a 1976, na yi shekara 41 ina riƙe da bindigar feshi, sai da tina ta taɓa mini ƙirji likita ya ce in bar wa yara. Haɗa kala ita ce abincina. Mutum zai kawo mota an daki ƙofa ɗaya, ya ce a yi mata fenti yadda ko matarsa ba za ta gane an taɓa ba, kuma idan ka kuskure da ɗigo biyu na baƙi, rana tana fitowa asirinka ya tonu. A gefe guda kuma ina da wata ɗabi'a da uwargida ta gaji da yi mini tsiya a kanta: harhaɗa ƙananan jiragen roba, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, a manne da gam, a yi musu fenti. Ma'aunin da na fi yi shi ne ɗaya bisa 72. Hurricane na gaske faɗin fukafukansa ƙafa 40 ne, nawa kuwa bai kai inci bakwai ba, tafin hannu ya ishe shi. Jikokina suna cewa Kaka yana wasan yara. Ban musa ba. Da motar kara na fara, ban ga inda aka ce a daina ba.

Abin da ya kawo jiragen nan Kano sananne ne, amma bari in taɓo shi domin launin yana rataye da shi. A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙin duniya na biyu, Faransa ta faɗi, tekun Bahar Rum ya zama ba ya biyuwa ga jiragen ruwan Ingila, zagayowa ta ƙasan Afirka kuma tafiyar watanni ce. Sai suka koma sauke jiragen sama a cikin akwatunan katako a Takoradi, ƙasar da ake kira Gana a yau, a harhaɗa su a can, a taso da su Legas, a kwana a Kano, a wuce Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, Janaina, Alfashir, Al'ubayyid, Hartum, sannan a bi kogin Nilu har Masar. Duk wanda kakansa ya je Makka ta ƙasa ya san sunayen nan, kusan hanyar ce guda, sai dai abin da alhaji ke yi a shekara ko fiye, su a kwana shida suke yin mil sama da 3,600. Hanyar ba ta buɗe ba sai da gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a ƙarshen Agusta 1940. Nijar kuwa ta zauna a hannun gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus har wajen ƙarshen 1942, saboda haka matuƙan da suka tashi daga Kano ba su da sha'awar karkata arewa wajen Damagaram. Ayarin farko ya bar Takoradi a Satumba 1940: Blenheim ɗaya mai inji biyu a gaba yana nuna hanya, Hurricane shida a bayansa. Kafin a rufe harkar a 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta nan. Shi Coningham ɗin da ya sauka Kano a 1925, a 1941 shi aka ba jagorancin sojan saman Ingila a hamadar Masar da Libiya, ke nan jiragen da ke kwana a Kano wurinsa suke tafiya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu mirgina duron nan. Ya shiga aikin lebura a filin a 1941 yana saurayi, bai bari ba sai da yaƙin Hitila ya ƙare. Ban ce shi ne a hotonku ba, fuskokin sun yi ƙanana, amma na daɗe ina kallon na biyu daga hagu.

A 1983 na sayi kwalin Hurricane na farko a wani kanti a Sabon Gari. Na bi zanen bayan kwalin sau da ƙafa: kore mai duhu da ruwan ƙasa a sama, ciki fari-fari. Da ya bushe na kai wa Baba a zaure ina jiran yabo. Ya karɓa, ya juya shi, ya ɗaga shi sama kamar mai duba ƙwai, sannan ya ce, "Wannan ai na farko-farko ne. Waɗanda muka fi sha wa wahala ba haka suke ba. Ka san katangar da aka yi wa yaɓe da safe, rabi ya bushe rabi bai bushe ba? To haka bayansu yake." Ya ƙara da cewa wasu suna zuwa da fari a gadon baya wajen wutsiya, kamar an watsa musu farar ƙasa. Na ce a raina tsufa ne, wa zai shafa wa jirgin yaƙi fari, abin da ake son a ɓoye? Sai bayan rasuwarsa a 1994 na ga hotunan da suka gaskata shi. Ana shafa farin a bayan jirgin da kan ƙananan fukafukan wutsiya domin hanya, idan inji ya mutu matuƙi ya sauka a daji ko a yashi, masu nema daga sama su hango shi. Wato fentin ɓad da kama ya yi aikinsa har ya wuce gona da iri, sai da aka nemo masa makari. Na so a ce yana raye in je in durƙusa in ce, Baba kai ne da gaskiya.

Maganarsa ta "na farko-farko" ita ma daidai ce. Jiragen da suka bi ta Kano a ƙarshen 1940 da farkon 1941 da rigar Ingila suka zo, kore mai duhu da ruwan ƙasa, domin don sararin Ingila aka ƙera su. A Masar ne ake bin wuraren da koren yake a shafe da wani launi mai kama da busasshen yaɓen nan. Daga baya, jirgin da aka san hamada za shi tun daga masana'anta ake yi masa fentin hamada. A jikin gwangwani sunayen su ne Dark Earth, shi ne ɗanyen yaɓen Baba, da Middle Stone, shi ne busasshen, sai Azure Blue na ciki. Saboda haka tambayar farko da mai neman launi zai yi wa hoto ita ce ta shekara, kuma hotonku ya amsa ta da kansa. Ku dubi tambarin gangar jiki: zoben waje siriri ne, farin da ke tsakanin shuɗi da ja shi ma siriri ne, haka farin tutar wutsiya. Wannan tsarin a tsakiyar 1942 ya shigo. Kafin nan zobban kusan faɗinsu ɗaya. Ga kuma bakin manyan bindigogi huɗu sun leƙo daga fukafukai, ga matatar ƙura a ƙarƙashin hanci kamar maƙoƙo. Jirgi mai waɗannan alamu a kan hanyar Masar a rabin 1942 na biyu ko bayansa, rigar hamada ce a jikinsa.

To me ya ruɗi na'urar? Fim ɗin da aka ɗauki hoton da shi. A lokacin fim baƙi da fari iri biyu ne a hannun masu hoto. Sabon samfuri yana ganin duk launuka gwargwadon yadda ido ke ganin haskensu. Tsohon samfurin kuwa makaho ne ga ja, ruwan ɗorawa ma da ƙyar yake ganinsa, abin da bai gani ba kuma baƙi yake fitowa a takarda, shuɗi kuma ya fito da haske fiye da yadda yake. Hanyar gane shi ba wuya: ka dubi tambarin. Idan jan tsakiya ya fito baƙi ƙirin, shuɗin ya fito toka-toka mai haske, zoben waje ya yi duhu, to makahon fim ne. Hotonku haka yake. Shi Middle Stone yana da ruwan ɗorawa da yawa a cikinsa, don haka a irin wannan fim duhu yake yi har ya kusa cimma ɗan'uwansa, jirgin ya fito kamar mai launuka biyu masu duhu. Na'ura ta ga duhu biyu, ta tuna dubban hotunan jiragen Ingila da aka cusa mata, ta ce kore da ruwan ƙasa. Kama da wane ba ta wane. Ba na zaginta, mutane masu ido biyu sun faɗa ramin nan tun kafin a haife ta, har a cikin littattafai masu tsada.

Amma a ce an gano shekara, an gano tsarin, an san sunan launi. Nan ne wahalar gaske take farawa, kuma nan ne na fi son a saurare ni, don wannan fagena ne. Suna ba launi ba ne. Kwastoma ya ce maka "fara" ce motarsa, ka je ka tarar da ruwan madara. Turawan ma haka. Akwai launin cikin jirgi da suka shigo da shi a Yuni 1940 suka sa masa suna Sky, wato sama, amma ko kusa bai yi kama da sama ba, fari-fari ne mai sirkin kore kamar ƙwan agwagwa. Da aka ba da umarnin a shafa shi fentin bai wadata ba, runduna-runduna suka riƙa haɗa nasu da abin da ke sito, aka samu ciki kala-kala duk da suna ɗaya. A Agusta 1941 da suka canza ruwan ƙasan jiragen gida zuwa ruwan toka, nan ma sabon fentin ya yi ƙaranci, aka ce a haɗa kashi bakwai na wani ruwan toka da kashi ɗaya na baƙi. Ni da na ga yadda yaran shago ke auna kashi bakwai idan maigida ya tafi masallaci, na san abin da ya fito daga wannan umarni.

Azure Blue shi ya fi ba ni kunya. Shekaru ina shafa wa cikin jiragena wani gwangwani da aka rubuta wa sunan ɓaro-ɓaro, shuɗi mai nauyi, ina alfahari. A 2009 ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ya samo mini tsohon kwafin littafin da gidan tarihin sojan sama na Hendon ya fitar a 1976, wanda ke da shafi na guntayen fenti da aka haɗa bisa ma'aunin ma'aikatar ƙera jirage ta lokacin yaƙi. Na buɗe, na ɗora jirgina kusa da guntun, sai na ji kamar an kama ni da satar kaza. Na gaskiyar ya fi haske nesa ba kusa ba, kuma yana da ɗan sirkin shunayya, kamar farar riga da bula ta yi wa yawa. Ashe a kundin launuka na Ingila mai lamba 381C akwai wani Azure Blue daban, mai lamba 104, wanda suna kawai ya haɗa su da na jiragen hamada. Jirage goma sha ɗaya na bi da burushi na sake wa ciki. Uwargida ta ce da ma haka nake kula da fentin ɗakinta.

Ko yaɓen Baba sai da na yi masa gyara. Ƙasar ginin Kano tana da ja, kuma na daɗe ina zuba ja a cikin Dark Earth saboda ita ce a idona. Na littafin ba shi da jan nan, ya fi kusa da lakar fadama, har da ɗan kore-kore a ƙarƙashinsa. Akwai kuma inda ban bi Baba ba sam: ya rantse cikin jiragen fari ne. Mutumin da ke tsaye a rana tsaka yana kallon cikin jirgi a inuwa, ƙasa mai haske tana mayar masa da walƙiya, bayan shekara 40 kuma a tambaye shi, ba ƙarya ya yi ba, abin da idonsa ya ba shi ya faɗa. Shaidar tsoho tana da ƙarfi a kan abin da ya ba shi mamaki, kamar farin gadon baya. A kan abin da bai taɓa tsayawa ya duba ba, sai a haɗa da wata shaidar.

Jiragen Amurka kuma nasu lissafin daban. Tomahawk da Kittyhawk da Ingila ta saya sun bi ta Takoradi su ma, kuma a masana'antar Amurka aka yi musu fenti da kayan kamfanin DuPont, launukan da aka ce sun yi daidai da na Ingila. Sun yi kusa, ba su yi daidai ba, musamman na ciki wanda ya fi karkata ga toka. A Yuli 1942 kuma jirgin ruwan Amurka mai suna Ranger ya kawo jiragen P-40 guda 72 gaɓar Akara, suka tashi daga kansa suka ratsa Afirka zuwa Masar, da fentin yashi wanda rana ke mayarwa ruwan hoda-hoda. Wanda ya ga irin wannan a hoto mai kala zai rantse wanki ne ya lalace, alhali wannan karon hoton ne mai gaskiya.

Rana ke nan, babbar mai haɗa kala wadda ba a biyanta. Duk mai shakka ya tsaya a bakin titi a Kano ya ƙirga A Daidaita Sahu goma. Dukkansu ruwan ɗorawa ne a takarda. A ido kuwa wani kamar ƙwaiduwa, wani kamar kunun kanwa, wani ya koɗe ya kusa zama fari, kuma rufin kowanne ya fi gefensa koɗewa. Fentin jiragen yaƙi marar ƙyalli ne, irinsa kuwa ya fi saurin shan ƙura da koɗewa. Sai dai a nan ina da saɓani da 'yan'uwana masu wannan sha'awa a ƙasashen waje, waɗanda ke ɗaukar kowane jirgin hamada su yi masa dukan kawo wuƙa, su koɗar da shi, su kankare gefen fukafukai har ƙarfe ya fito. Jirgin da ya kwana a Kano bai fi 'yan kwanaki da fitowa daga akwati ba. Sabo ne fil. Abin da zai nuna shi ne baƙin hayaƙi a bayan salansa, ɗigon mai a ciki, da ƙurarmu a tayoyi. Wanda ya yi wata shida a Libiya shi ne tsoho. Duk wanda ya yi jirgin Kano kamar jirgin Libiya ya yi kuskure daidai da na na'urarku, ko da launinsa na gwangwanin ƙwarai ne.

A shago, idan aka kawo tsohuwar mota ana son asalin launinta, ba bonet muke dubawa ba. Murfin tanki muke buɗewa, ko mu ɗaga robar ƙofa, ko mu leƙa ƙarƙashin but, inda rana ba ta taɓa shiga ba. Masu binciken jirage haka suke yi: inda faranti ya hau kan faranti, ko ƙarƙashin murfin da ke rufe mahaɗar fiffike da gangar jiki. Guntu kamar farce ya isa. Shi ya sa abin da ya faru da wani Kittyhawk yake ci mini rai har yau. A 2012 masu neman mai suka ci karo da shi a hamadar yammacin Masar, kusan cikakke, a inda matuƙinsa Dennis Copping ya sauke shi a ƙarshen Yuni 1942 ya ɓace. Shekara 70 yana zaune da fentinsa na asali, har harufan rundunarsa ana karantawa. Da hotunansa suka sake fitowa bayan 'yan shekaru, yana gidan tarihi na El Alamein, an yi masa sabon fenti mai ƙyalli, har da bakin kifi mai haƙora a hanci, adon wata runduna daban wadda ba tasa ba. Wanda ya yi aikin na tabbata gyara ya nufa. Na san irin hannun, na horar da irinsa.

Kuma ba sai na je Masar ba. A wani ƙauye gabas da Kano, gidan wani kawuna, akwai wani farantin alminiyon mai layin ƙusoshi da aka rufe akurkin kaji da shi tun ina yaro. Kowa a gidan ya san daga jikin jirgin da ya faɗi zamanin yaƙi aka samo shi. Gefen da ke kallon ƙasa yana da fenti, na gan shi da idona wajen 1970, amma lokacin hankalina yana kan ƙwan da ke ciki. Da na san darajarsa na koma nema. Na tarar amaryar gidan, mace mai tsafta, ta ɗauke shi ta dirje da toka da yashi har yana ɗaukar ido, tana shanya kuɓewa a kai. Na yaba mata, me zan ce? Na sha furar da ta dama na kamo hanya.

Yadda nake yi yanzu ba wani sirri ba ne. Ina haɗawa kaɗan a murfin kwalba, in shafa a guntun farin kwano da na yi wa shafen farko, in bar shi ya kwana, domin fenti marar ƙyalli yana ɗanye daban yana bushe daban. Da safe wajen ƙarfe tara nake fitar da shi tsakar gida a inuwa in ɗora kusa da guntun littafin. Ba na gwadawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kala biyu za su yi maka daidai da dare su rabu da safe. Ba na gwadawa ranar da hazo ya sauko, hasken hunturu yana zuba wa komai ruwan ƙasa. Fuskar waya kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan: na taɓa ɗaukar guntun Middle Stone da wayoyin 'ya'yana uku, aka samu launi uku, kowa kuma ya ce tasa ce mai kyamarar kirki. Idan ya yi daidai sai in ƙara ɗan fari kaɗan, saboda abu ƙarami yana yi wa ido duhu fiye da babba, kuma wanda ke kallon jirgin inci bakwai daga nisan hannu kamar mai hangen na gaske ne daga can ƙarshen fili. Nawa ne kaɗan? Nan kowa da idonsa, kuma na ga dattawa sun ɓata da juna a kan abin da bai kai wannan ba.

Wani zai ce, Malam, ana fama da tsadar masara kai kana maganar cikin jirgin Bature. Na ji, kuma ni ma awo nake yi. Amma hotonku ya riga ya bar hannunku. Kwana uku da fitowarsa na gan shi a Facebook, wani ya tura wa wani, jikana ya kawo mini a waya yana cewa, "Kaka, ashe naka ne ba daidai ba, ga na gaske kore ne." Yaron ya yarda da shi saboda jarida ce ta buga, kuma saboda kala tana da wani kwarjini da baƙi da fari ba shi da shi, tana sa mutum ya ji kamar yana wurin. Yau jirgi ne. Na riga na ga an yi wa hotunan sarakunanmu na dā irin wannan, an ba rawani da alkyabba launin da na'ura ta ga dama, ɗan baƙi mai ƙyallin shuni ya koma toka.

Roƙona biyu ne. Ku sake buga hoton yadda yake, baƙi da fari, babba yadda za a ga zobban, idan kuma nan gaba za ku sa wanda aka yi wa kala, ku rubuta a ƙasansa cewa kalar ta na'ura ce. Na biyu ga masu karatu ne, daga Legas zuwa Kano, Maiduguri, Njamena har Janaina, da 'yan'uwanmu na zangon Takoradi da Sekondi waɗanda iyayensu suka fasa akwatunan nan. Wanda ke da tsohon hoto a ƙasan adaka, ko wani farantin alminiyon mai layin ƙusoshi da ake rufe rijiya ko rumbu da shi, don Allah kada a wanke, kada a goge, kada a ba 'yan gwangwan. A juya shi a duba gefen da ke kallon ƙasa. Na bar lambata a ofishinku, duk inda yake zan biya kuɗin mota in zo da littafina mu gwada. Akwai Hurricane ɗaya a kan teburina yanzu, na gama masa yaɓe ɗanye da busasshe, na sa masa farin Baba a gadon baya, cikinsa kawai ya rage, haɗi na huɗu yana bushewa a kan taga.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon mai fentin mota,
Fagge, Kano.